Hajiya Gambo Sawaba: Matar Da Ta Sha Ɗauri Don Mata Su Jefa Ƙuri'a

A zaɓen 1979 ina sabon malami, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, aka ɗauke mu aikin rumfar zaɓe a wani ƙauye da ke kan hanyar Maigatari. Abin da har yau ban manta ba shi ne layin mata. Tun kafin hantsi suka cika gindin wata tsamiya, wasu da goyo, tsofaffi da sanda, kowace ta ƙulle katinta a bakin gyale. Shekara huɗu kafin wannan rana, doka ba ta san da ko ɗayarsu ba a sha'anin zaɓe. Daga cikin waɗanda suka sha wuya kafin a kai ga haka akwai marigayiya Hajiya Gambo Sawaba.

An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu. Gambo kuwa, kamar yadda kowa ya sani, suna ne na wadda ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin ƙasar Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Nijeriya, mahaifiyarta Banufiya. A Zariya ta tashi. Maraici ya same ta da wuri, karatunta bai wuce firamare ba, aka yi mata aure tana shekara 13.

Sai mai karatu ya san yadda mulki yake a wancan zamani kafin ya gane abin da ta tunkara. Kowace masarauta, har da tamu ta Gumel, tana da En'enta, kuma a hannun En'e kotun alƙali take, da 'yan doka, da gidan yari, da karɓar haraji da jangali. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: maza su zaɓi wakilai a ƙauye ko unguwa, waɗannan su zaɓi na gunduma, har a kai lardi. Kafin ƙuri'ar talaka ta isa sama ta riga ta narke a hanya. Mace kuwa ba a ma kawo zancenta. Alhali a Ikko mata sun jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar gari tun 1950.

A irin wannan hali ne Gambo, tana 'yar shekara 17 ko kusa da haka, ta shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Daga kiran neman sawaba da jam'iyyar ke yi sunan ya bi ta. Ba ta daɗe ba ta zama shugabar mata. Ta je har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti ta ga yadda matan can suke shirya kansu, ta dawo ta riƙa shiga gida-gida tana yi wa matan kulle bayanin siyasa. Wannan shiga gidaje ita ta jawo mata kamu a Kano, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga birnin. Masu rubuta tarihinta sun ƙidaya ɗauri 16. Duka kuwa ta sha shi a hannun 'yan banga, har aka taɓa yasar da ita a daji ana zaton ta cika.

Ba ƙuri'a kaɗai ta nema ba. Ta yi magana kan aurar da yara ƙanana, abin da ita kanta ta ɗanɗana, da kuma sa 'ya'ya mata a makaranta. Mu da muka yi shekaru muna bin iyaye gida muna roƙon a bar yarinya ta gama aji shida, mun san wannan faɗa bai fi wancan sauƙi ba.

Ba ta yi nasara da wuri ba. An yi zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu na jefa ƙuri'a, na Arewa na kallo, haka aka ci gaba har Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966. Abin mamaki, soja ne suka buɗe ƙofar. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, zamanin Janar Obasanjo, shi ya kawo ƙarshen tsarin En'e, kuma a zaɓen kansiloli na watan Disambar shekarar aka fara ba matan Arewa damar zaɓe da tsayawa takara. Ke nan ta ƙofar ƙaramar hukuma 'yancin ya shigo, kafin tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da shi. A lokacin ƙasar Gumel duka ƙaramar hukuma ɗaya ce a tsohuwar Jihar Kano. Daga baya aka sami Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Jigawa kuma ta samu a 1991.

Nakan yi wannan tunani idan na ga 'yan'uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Ikko sun cika gari ranar hawan salla, amma ranar zaɓen kansila ko ƙurar motarsu ba a gani. Da yawa sun mai da rajistarsu birni, wasu ko sunan kansilan mazaɓarsu ba su sani ba, ga shi kuwa rijiyar unguwa da rufin ajin firamare da magudanar ruwa duk daga teburinsa suke farawa.

A Jamhuriya ta Biyu ba ta bi Malam Aminu zuwa PRP ba, sai ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyya. Ƙarshen rayuwarta ta yi shi a Zariya, gidanta cike da marayu da marasa galihu. Ta rasu a watan Oktoba 2001. An sa sunanta a babban asibitin Ƙofar Gayan da wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya shirya sa hotonta a takardar naira 5,000, amma aka jingine shirin, takardar ba ta fito ba.

Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.