Frank Whittle: yaron da jirgin wasa ya buɗe wa ƙofa

Idan a ƙauye ka tashi kamar ni, ba sai an yi maka bayanin jirgin kara ba. Da an gama girbi, karan dawa ya bushe, za ka ga yara a gindin bishiya kowa da rezarsa, a ɓare bayan karan a yi tsinke, a yayyanka totuwar, a soka wannan cikin wancan, kafin la'asar an fito da mota ko jirgi. Ƙanena a Danchadi ya daɗe da wuce wannan aji. Shi yanzu gwangwanin madara yake yankawa, ya yi tayoyi da tsohon silifas, ya liƙe fukafukai da gam. Filin jirgin Sakkwato ba shi da nisa da mu, saboda haka lokacin jigilar alhazai kullum kansa na sama. A gida kuwa sunan abin ɗaya ne, shiririta, kuma ba sau ɗaya ba an kwashe gwangwanayen an zubar.

Shi ya sa na zauna na karanta tarihin wani Bature mai suna Frank Whittle. Wataƙila ba ka taɓa jin sunansa ba, amma duk jirgin da ya ratsa ta saman gidanku yana wannan ƙara mai kama da tsawa, da hannun mutumin nan a cikinsa.

An haife shi ranar 1 ga Yuni, 1907, a garin Coventry da ke Ingila. Ba ɗan masu kuɗi ba ne. Mahaifinsa Moses ma'aikacin ƙarfe ne, wanda daga baya ya kwashe iyalinsa zuwa Leamington Spa ya sayi wani ɗan ƙaramin kamfani mai yin zoben fistin. A nan Frank ya koyi riƙe kayan aiki tun bai kai shekara goma sha biyu ba. Idan ya tashi daga makaranta kuma sai ɗakin karatu na gari, yana bin littattafan injuna da na yadda jirgi ke tashi. Buri ɗaya gare shi: ya tuƙa jirgin sama.

A watan Janairu 1923 ya ci jarrabawar shiga rundunar sojin sama ta Birtaniya a matsayin ɗan koyon gyaran jirgi. Da aka zo gwajin lafiya sai aka sallame shi. Laifinsa? Gajarta. Tsawonsa ƙafa 5 ne kacal, ga ƙirji ɗan tsito. Ya koma gida ya dage da motsa jiki da cin abinci wata shida, ya ƙara inci 3, ya dawo, aka ce ai wanda aka kora sau ɗaya ba ya da dama ta biyu. Kai da ka taɓa cike fom ɗin aikin soja ko na 'yan sanda a intanet ka san irin wannan takaici. Sai ya yi dabara: ya sake nema kamar sabon shiga, bai ɗaga maganar baya ba. A watan Satumba 1923 aka ɗauke shi a makarantar Cranwell.

To ga inda nake so ka tsaya. Rayuwar barikin ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan. Fareti, tsawa, goge takalmi, kuma ya gane cewa ɗan koyon gyara da wuya ya taɓa zama a kujerar matuƙi. Har ya fara tunanin guduwa. Abin da ya riƙe shi wata 'yar ƙungiya ce a cikin makarantar, ta masu haɗa ƙananan jirage na kwaikwayo. Can yake ƙarar da duk lokacin hutunsa, yana awo, yana yanka, yana haɗawa, kuma jiragensa ba na ajiye wa a kan tebur ba ne kawai, masu aiki ne. Kyawun aikin hannunsa ya sa kwamandansu ya fara lura da shi, da ya duba kuma sai ya tarar yaron gwanin lissafi ne. A 1926 ya ba da sunansa cikin waɗanda za a kai kwalejin horar da hafsoshi, inda ake koyar da tuƙin jirgi. Wurin na 'ya'yan manya ne, waɗanda suka fito daga makarantu masu tsada. Ɗan maƙeri ya shiga cikinsu ta dalilin jirgin wasa.

Bari in ɗan kauce, don kar ka ɗauka abin wasan yara ne zalla. Har gobe a ƙasashe da dama akwai manya, wasu da furfura, da ke sayen kwalin sassan jirgin yaƙi na roba, irin na kamfanin Airfix, su zauna makonni suna haɗawa da fenti. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 1:72, wato inci ɗaya a jikin ƙaramin yana madadin ƙafa 6 a jikin na gaskiya. Gwanayen cikinsu ba sa tsayawa ga abin da ke cikin kwali, juya shi suke yi ya koma wani samfurin. Misali Alpha Jet, irin wanda sojin samanmu na Najeriya ke amfani da shi: wanda aka yi wa Jamus hancinsa mai tsini ne, na Faransa kuma mai ɗan zagaye. Wanda yake da kwalin wannan amma wancan yake so, dole ya yanke hancin da ƙaramin zarto, ya ƙera sabo, ya cike gurbin, ya goge da samfefa har sai yatsa bai ji gaɓa ba. Kuskuren milimita ɗaya a nan ya fi santimita 7 a jikin jirgin gaske. Mai wannan aiki yana koyon karanta zane, da raba lamba, da haƙuri, ko bai san yana koyo ba. A zamanin Whittle babu kwalin roba ma, da katako da waya da ƙyalle ake farawa, kusan yadda ƙanena ke farawa da gwangwani.

Mu koma Cranwell. Bayan awa 13 da rabi na koyo ya tashi da jirgi shi kaɗai, kuma nan da nan ya yi suna wajen ganganci: ya sauko ƙasa-ƙasa, ya yi alkafura a sama, har ana kai ƙararsa. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne takardar da ya rubuta ta kammala karatu a 1928, yana da shekara 21. Ka tuna, furojet ɗin ɗalibi ce fa, irin wadda wasunmu ke biya a kwafo musu. A ciki ya nuna cewa idan ana son jirgi ya yi gudun da ya haura kilomita 800 a awa, sai ya hau can sama inda iska ba ta da kauri, kuma a can injin fistin da farfela ba za su kai ba. Ana bukatar wani injin daban.

Shekara guda bayan haka ya gano yadda injin zai kasance. Ka taɓa hura balan-balan ka sake ta? Iskar na fita ta baya, ita kuma tana tsere gaba. To haka ne, sai dai a nan ba a so iskar ta ƙare. Wata fanka a gaba tana zuƙo iska ta matse ta, a fesa mata kananzir a kunna wuta, iskar ta yi zafi ta kumbura ta nemi hanyar fita ta baya da ƙarfin tsiya. A kan hanyarta ta fita sai ta bugi wata fankar ta juya ta, ita kuma wannan sanda ɗaya ce ta haɗa ta da ta gaban. Wato injin da kansa yake yi wa kansa zuga, kamar a ce wutar maƙera ce ke taka zugazuginta. Babu fistin, babu farfela.

Ya kai wa ma'aikatar jiragen sama. Masaninsu, A. A. Griffith, ya duba lissafin bai gamsu ba, aka rubuto wa Whittle cewa abin ba zai yiwu a aikace ba. A yi musu adalci, a lokacin ƙarfen da zai jure irin wannan zafi matsala ne babba. Amma sakacin da suka yi ya wuce nan. Ranar 16 ga Janairu, 1930, Whittle ya shigar da takardar mallakar ƙirƙirarsa, kuma da yake gwamnati ba ta ɗauki abin da daraja ba, ba ta sa shi cikin sirrin soja ba. Aka buga shi, kowa na iya saye ya karanta, har da na ƙasashen waje. A Janairu 1935 lokacin sabunta takardar ya yi, kuɗin fam 5 ne. Ga mata, ga 'ya'ya, ga albashin ƙaramin hafsa. Bai iya biya ba, ma'aikatar ta ƙi biya masa, takardar ta mutu. Fam biyar! Duk sanda na zo wannan wuri sai na ajiye waya na yi shiru.

Abin da ya cece shi tsohuwar abota ce. Yana karatun injiniya a jami'ar Cambridge, inda rundunar ta tura shi, sai wani abokinsa na Cranwell, Rolf Dudley-Williams, ya rubuto masa cewa shi da wani mai suna James Tinling za su nemo masu zuba kuɗi. A 1936 aka kafa kamfanin Power Jets, a shekarar kuma ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya. Ranar 12 ga Afrilu, 1937, a wata masana'anta a garin Rugby, aka tayar da injin karon farko. Mai ya taru a ciki ba a sani ba, injin ya ƙi jin umarni, gudu na ƙaruwa, ƙara na ƙaruwa, jikinsa ya yi ja, ma'aikata kowa ya yi ta kansa. Bai fashe ba. Masu masana'antar dai daga baya suka ga gara a kai wannan bala'i wani wuri, aka mayar da shi wata tsohuwar maƙera a Lutterworth.

Shekarun da suka biyo baya su ne waɗanda ba a sa wa a hoton taya murna. Kuɗi kullum a bakin ƙarewa, injin ɗaya tal ake ta faci ana sake gwadawa. Whittle yana aiki dare da rana, ya rame har ya dawo kilo 57, ga ƙaiƙayin fata, ga bugun zuciya. Da rana ya shaƙi maganin hana barci, da dare ya sha na sa barci. Kar wani ya karanta wannan ya ce ai ga hujja. Lafiyar da ya zubar a waɗannan shekaru ba ta dawo daidai ba, sau da dama yana kwanciya asibiti saboda gajiyar ƙwaƙwalwa, kuma ita ce ta raba shi da kakin soja yana da shekara 41.

Sai a ƙarshen Yuni 1939, da wani babban jami'in binciken kimiyya na ma'aikatar ya tsaya da ƙafarsa ya ga injin ya yi minti 20 yana aiki lafiya, sannan gwamnati ta farka. Amma an makara. A Jamus wani matashi, Hans von Ohain, ya samu attajirin ƙera jirage Ernst Heinkel ya tsaya masa da kuɗi da ma'aikata, kuma ranar 27 ga Agusta, 1939, jirginsu He 178 ya zama jirgin jet na farko da ya tashi a duniya. Kwana biyar bayan haka Jamus ta afka wa Poland. Na Whittle, Gloster E.28/39, bai tashi ba sai ranar 15 ga Mayu, 1941, da yamma, na minti 17, matuƙi Gerry Sayer. A ina? A Cranwell ɗin nan da ya taɓa tunanin gudu ya bari.

Daga nan abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Aka aika injinsa Amurka a asirce, kamfanin General Electric ya yi nasa a kai, jirgin jet na farko na Amurka ya tashi a Oktoba 1942. A gida aka yi ta rigima da kamfanin Rover a kan ƙera injin, har Rolls-Royce ya karɓa a 1943. A Yuli 1944 jirgin yaƙi Gloster Meteor ya fara aiki, yana farautar bama-bamai masu tashi da Jamus ke harbowa Landan. A shekarar ce kuma gwamnati ta mayar da Power Jets nata, daga baya ta hana shi ƙera injuna, ta ce bincike kawai zai yi. Whittle ya ajiye muƙaminsa a kamfanin a farkon 1946. Ni a ganina wannan ya fi maganar fam biyar ciwo, domin a da ba su yarda abin zai yiwu ba ne, yanzu kuwa sun ga ya yiwu suka karɓe.

Girmamawa ta zo daga baya, kamar yadda ta saba. A 1948 aka ba shi kyautar fam 100,000 da lambar sarauta, ya zama Sir Frank. Ya yi wa kamfanin jirage na BOAC aikin ba da shawara, ya yi aiki da Shell a kan na'urar haƙar mai, a 1976 ya koma Amurka da zama, ya koyar a makarantar sojin ruwa ta Annapolis. Ya haɗu da von Ohain a 1966. Da farko yana zargin an saci tunaninsa ne, amma da suka zauna ya gamsu cewa kowa nasa ya yi, suka zama abokai har suna fita lacca tare. Ya mutu a watan Agusta 1996 a jihar Maryland, yana da shekara 89, sanadiyyar cutar daji ta huhu, aka kai tokarsa Cranwell.

Kusan kowane wata sai bidiyon wani yaro daga Arewa ya zagaya Facebook da TikTok da jirgi ko motar da ya haɗa. Mu danna alamar so, mu rubuta cewa gwamnati ta taimaka, mu wuce. Ko a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya shiga labaran duniya da jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa daga tarkacen motoci. Kwamandan Whittle ba tafi ya yi wa jiragensa ba, takardun lissafinsa ya duba, sannan ya rubuta sunansa inda zai yi amfani. Ni ba kwamanda ba ne, ɗalibi ne mai jiran alawus daga gida, don haka abin da na iya shi ne na sayo wa ƙanena rula da kwamfas da hutun da ya wuce, na roƙi Inna ta bar masa kusurwa ɗaya a zaure.

Na kuma nuna masa hoton E.28/39, wanda har yanzu yana ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan. Bai tambaye ni wa ya ƙera shi ba. Faɗin fukafukan ya tambaya. Na duba na ce ƙafa 29, na kuma yi masa bayanin 1:72. Ya duƙa ya yi lissafin a ƙasa da tsinke, ya samu inci 5 ba kaɗan, bai ma kai tsawon biro ba. Ya ce ya yi ƙanƙanta da yawa, gwangwani ba zai lanƙwasu haka ba, shi zai ninka sau uku.