Madam Kuri da Surukinta

Ran nan wata ɗalibarmu ta tambaye ni wai ko mace za ta iya riƙe aikin koyarwa a jami'a ta kuma riƙe gidanta. Ban ba ta amsa nan take ba, amma tun daga ranar Mari Kuri ta ke faɗo mini a rai.

An haife ta a birnin Warso na ƙasar Polan cikin 1867. Ta tafi Faris neman ilmi a 1891, ta auri wani malamin kimiyya, Piyer Kuri, a 1895. Kowa ya san su ne suka gano radiyam a 1898, har aka ba su kyautar Nobel a 1903. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 1900 ta kama aiki a kwalejin horon malamai mata da ke Sevres, watau irin tamu ke nan. Ga koyarwa, ga bincike a wata rumfa mai yoyo, ga goyo.

To, wa ke riƙe yarinyar? A watan da aka haifi 'yar farinta Irene, cikin 1897, uwar mijin ta rasu. Sai surukinta, tsohon likita, ya dawo wurinsu da zama. Shi ya zama abokin wasan Irene, shi ne kuma malaminta na farko. Ni dai a ganina, in ana lissafin waɗanda suka sa aka sami radiyam, ya kamata a tuna da tsohon nan. Ita ma ba sake ta yi ba. Tana da littafi inda ta ke rubuta nauyin jaririyar da ranar da haƙorinta ya fito, kamar yadda ta ke rubuta awon gwaje-gwajenta.

Ran 19 ga Afrilu 1906 amalanken doki ya take Piyer a titi, ya mutu nan take, ya bar ta da 'ya'ya biyu, ƙaramar, Eve, ba ta cika shekara biyu ba. Gwamnati ta ce za ta ba ta fansho, ta ƙi, don tana da ƙarfin neman na kanta. Sai jami'ar Sobon ta ba ta gurbin mijin, ta zama mace ta farko da ta koyar a can. Ran 5 ga Nuwamba ta shiga aji, ta ɗauki darasi daga daidai inda ya tsaya. Tsohon kuwa bai koma ko'ina ba, yana tare da jikokinsa har ya rasu a 1910.

Kada a ce abin ya zo da sauƙi. Littafin da Eve ta rubuta a kan uwarta a 1937 ya nuna mace mai fita da sassafe, ta komo da dare a gajiye liƙis, yara suna kewarta. Duk da haka ba ta bar aikin ba, ta sake samun Nobel a 1911. Hasken radiyam ɗin ya ɓata mata jini, ta rasu a 1934. Shekara guda bayan haka Irene, yarinyar nan da kaka ya rena, ta karɓi tata Nobel tare da mijinta.