OLIVER HALASSY: GURGUN DA YA GAGARI MASU ƘAFA BIYU

A ƙasar Hangari, cikin Turai ta Tsakiya, akwai wani wasa da mutane suka ɗauka da muhimmanci ƙwarai, wato ƙwallon ruwa. 'Yan wasa bakwai-bakwai ne ke karawa cikin ruwa mai zurfi, suna jifar ƙwallo da hannu zuwa raga, ba kuwa a yarda kowa ya taka ƙasa ba. Saboda haka ƙafafu ne ke riƙe da mutum a saman ruwa tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Sai mai karatu ya riƙe wannan kafin ya gane girman abin da Oliver Halassy ya yi.

An haifi Halassy a shekarar 1909 a Ujpest, wadda yanzu unguwa ce cikin birnin Budapest. Tun yana yaro jirgin ƙasa na cikin gari ya taka shi, aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Maimakon ya zauna zaman tausayi, sai ya rungumi iyo, har ya zama ɗan wasan tsakiya na ƙasarsa.

A gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam, shi da abokansa suka sha kaye a hannun Jamus, suka tashi da lambar azurfa. Sai dai sun ɗauki zinare a Los Angeles a 1932, suka sake ɗauka a Berlin a 1936. Sun kuma ci gasar Turai sau uku yana cikinsu, a 1931 da 1934 da 1938. A ta 1931 ɗin, a Paris, ya shiga tseren iyo na mita 1,500, ya zo na ɗaya. Duk wannan ya faru tun ba a kafa gasar naƙasassu ta duniya ba, domin ita sai a 1960 aka fara ta a Rum. Ke nan da masu lafiya ya kara, ba a kuma rangwanta masa kome ba.

Ajalinsa ya zo a watan Satumba na 1946, lokacin da sojan Rasha ke mamaye da Hangari. Wani soja ne ya harbe shi da dare kusa da gidansa, yana da shekara 37.

A yau idan aka ambaci ƙwallon ruwa na Hangari, sunan Dezso Gyarmati ne ke fara zuwa baki, ko kuwa karawar da aka zub da jini da Tarayyar Sobiyet a Melbourne a 1956. Amma farin jini daban, matsayi a tarihi daban. Su Halassy ne suka ciwo wa Hangari zinarenta na farko na Olamfik a wannan wasa, na baya suka tarar da turba a share. Mutanen Ujpest dai ba su manta ba, gama sun sa wa filin wasanninsu sunansa.