Muhammadu al-Katsinawi: Malamin Haruffa da Hatimi

Daga Katsina har Maraɗi da Gidan Rumji, da wuya a sami almajirin da bai taɓa ganin hatimi ba, wato zanen gidaje masu lambobi da ake naɗewa cikin laya. Amma kaɗan ne suka san cewa ɗaya daga cikin manyan masanan wannan fanni ɗan ƙasar Hausa ne, shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi.

A ƙasar Katsina ya tashi, ya yi karatu wajen malamai da dama, ciki har da Muhammadu al-Wali na Bagarmi. Daga baya ya tafi aikin hajji, sa'an nan ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya kammala littafinsa Bahjat al-Afaƙ, wanda ya yi bayanin ilimin haruffa da yadda ake gina hatimi. Ya kuma yi rubutu kan taurari da mandiƙi da nahawun Larabci.

Hatimi lissafi ne tsantsa. Ana jera lambobi yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai gida uku-uku yana ba da 15, mai tara-tara 369, mai casa'in da tara kuwa 485,199. Masana sun kasa shi gida uku bisa adadin gefensa: wutiri, da shafa'i mai rabuwa da huɗu, da shafa'in da ba ya rabuwa da huɗu. Hanyoyin gina na wutiri su ne suka fi ɗaukaka sunan Malam Muhammadu.

Inda lamarin ya shafi ɗalibin harshe shi ne hisabi, wato bai wa kowane harafi lambarsa. Tsarin Gabas ya ba harafin sin 60, na Magariba, wanda malamanmu suka gada, ya ba shi 300. Saboda haka Basmala take kamawa 786 a can, a nan kuwa 1026. Wanda bai san wannan bambanci ba zai kuskure shekarar ramzi a ƙarshen waƙoƙin ajami.

Malam Muhammadu ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan mai gidan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana mana labarinsa.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa Maraɗi, don haka gadon ilimin Katsina namu ne mu ma. Hatimi ya wanzu a hannun malaman zaure, amma lissafin da ke ƙarƙashinsa bai shiga azuzuwanmu ba. Fassara littafinsa zuwa Hausa aiki ne da ke jiran mai Larabci da mai lissafi su haɗa kai.