Alan Turing: masanin da ya gano iyakar kwamfuta tun kafin a ƙera ta

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar salula a nan Difa ya san lokacin da take tsayawa tana ta juyi, kai kuma ka rasa ko aiki take yi ko ta maƙale ke nan. A yau za mu kawo tarihin mutumin da ya tabbatar da cewa wannan tambaya ba ta da amsa ɗaya da za ta yi wa kowane shiri.

An haifi Alan Turing a birnin Landan ranar 23 ga Yunin 1912. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnatin Ingila ne a Indiya. A 1931 ya shiga jami'ar Kambirij karatun lissafi, a 1936 kuma, yana da shekara 24, aka wallafa maƙalarsa da ta fito da sunansa. Lokacin babu kwamfuta irin ta yau. Sai ya zana wata na'ura a takarda, mai karanta alama, ta rubuta, ta matsa gaba ko baya bisa umarni, ya nuna akwai tambayoyin da babu na'urar da za ta iya warware su. Daga baya ne masana suka sa wa fitacciyar cikinsu suna matsalar tsayawa: shin za a iya rubuta shiri guda da zai duba kowane shiri ya faɗi ko zai kammala aiki ko zai yi ta gudu har abada?

Hujjar ta yi kama da labarin mai duba da yaro mai taurin kai. Yaron ya tambaya: zan zauna ko zan tashi? In an ce zai zauna sai ya miƙe, in an ce zai tashi sai ya zauna. Haka ake gina shiri da zai tambayi mai dubawar game da kansa, sannan ya yi akasin abin da aka faɗa. Ko me mai dubawar ta ce, ta faɗi ba daidai ba.

Har yanzu akwai masu gardama. Suna cewa a bar mai dubawar ta kwaikwayi shirin taki-taki ta ga ƙarshensa. To amma wannan kamar jiran mota ne daga Maine Sorowa. In ta iso, ka sani. In ba ta iso ba, ba ka san ko tana hanya ko ta mutu ba. Sai su ce ai in ta ga shirin yana maimaita kansa, ta katse ta ce ba zai tsaya ba. Wannan dabara tana aiki a kan shirye-shirye da yawa, masu ƙera manhaja ma suna amfani da irinta. Sai dai shi mai taurin kan, da ya ji an ce ba zai tsaya ba, nan take zai tsaya. Hujjar ba ta damu da hanyar da aka bi aka samo amsa ba, kwaikwayo ne ko wani abu.

Bayan ya yi digirin dakta a Princeton ta Amurka a 1938, Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Bletchley Park, inda ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin sojan Jamus na na'urar Enigma, bisa harsashin da masana na ƙasar Folan suka aza. A 1948 ya koma jami'ar Manchester, a 1950 ya yi rubutu kan ko na'ura za ta iya tunani.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. A 1952 kotu ta same shi da laifin mu'amala da wani namiji, abin da dokar Ingila ta hana a lokacin, aka sa shi karɓar maganin sauya sinadaran jiki maimakon kurkuku. Ya rasu ranar 7 ga Yunin 1954 sakamakon guba, masu bincike suka ce shi ya kashe kansa. A 2013 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi masa afuwa, a 2021 aka sa hotonsa a takardar fam 50. Tun 1966 kuma ake ba da babbar lambar yabo ta ilimin kwamfuta da sunansa.