Alƙali Jonathan Wright, Baƙon Da Ya Hau Kujerar Kotun Ƙoli

Jama'a, yau mun leƙa Amurka. An haifi Jonathan Wright a Pensilbaniya a 1840. A 1865 ya tafi jihar Karolina ta Kudu koyar da bayin da aka 'yanta. Baƙo ne fa, amma a 1868 aka zaɓe shi sanatan majalisar jiha. A 1870 majalisar ta naɗa shi alƙalin kotun ƙolin jihar, baƙar fata na farko da ya taka wannan matsayi a Amurka.

Da mulki ya koma hannun masu ƙin jininsa, sai aka laƙaba masa zargin shan giya, ya yi murabus a 1877. Mu dai ba mu ga adalci nan ba. Tarin fuka ya yi ajalinsa a 1885. Sai 1985 wani baƙar fata, Ernest Finney, ya sake hawa kujerar.