Marie Curie: Shekarunta na neman digirin farko

Duk wanda ya ji sunan Marie Curie, lambobin yabon Nobel guda biyu ne ke faɗo masa a rai: ta fiziks a 1903 da ta ilimin sinadarai a 1911. Ba kasafai ake waiwayar shekarun da ta yi tana ɗalibar jami'a ba, alhali kuwa a nan aka kafa harsashin ginin.

An haife ta a birnin Warsaw na ƙasar Polan a 1867, lokacin da Rasha ke mulkin yankin, jami'ar birnin kuma ba ta karɓar mata. Sai suka yi yarjejeniya da yayarta Bronia: ita za ta kama aikin koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana aika wa yayar kuɗin karatun likita a Paris, in ta kammala ita ma ta ɗauke ta. Sai a ƙarshen 1891 ta shiga Jami'ar Sorbonne, tana da shekara 24.

Masu ba da tarihinta sun fi son labarin wahala: ɗan ɗaki a can ƙololuwar bene, hunturun da ke daskarar da ruwa a kwano, burodi da shayi, har wata rana ta suma don yunwa. Duk gaskiya ne. Amma a ganina babbar jarrabawar tana cikin aji. Yarinyar da ta gama sakandare da lambar zinariya, ta kuma yi shekaru tana karatu ita kaɗai da dare, sai ga shi ta tarar lissafinta bai kai na takwarorinta Faransawa ba, Faransancin malamai kuma yana yi mata sauri. Fiziks kuwa ba ya yafe gurguwar fahimtar lissafi. Wanda harsashinsa ya yi rauni zai iya haddace dokokin motsi da na lantarki, amma da an ba shi matsala ya warware sai alƙalami ya tsaya. Malaman jami'o'inmu sun san irin wannan ɗalibi sarai.

Ba ta ɓoye giɓin ba. Ta bar gidan yayarta saboda nisa da yawan baƙi, ta koma kusa da makaranta, ta riƙa zama a ɗakin karatu na Sainte-Geneviève har a rufe, sannan ta ci gaba a ɗakinta da fitila. A 1893 ta zo ta ɗaya a jarrabawar digirin fiziks. Maimakon ta tsaya nan, ta koma ta yi digirin lissafi da tallafin karatu na Alexandrovitch, ta zo ta biyu a 1894. Kuɗin tallafin ma ta mayar da su da ta fara samun abin hannu.

A shekarar ce ta haɗu da Pierre Curie, suka yi aure a 1895. Bayan rasuwarsa a 1906 ta gaji kujerarsa, ta zama mace ta farko da ta koyar a Sorbonne. Ta rasu a 1934 sakamakon cutar jini da ake dangantawa da tururin sinadaran da ta daɗe tana aiki da su.